Shekarar da Na Yi wa Fanka Gida

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan ba na wajen. Kukan ce a shekarar da babanku ya kwanta, Inna ta ɗora ranta a kan wata tsohuwar mota, ta ƙi motar da ɗanta ya aiko, ta yi wa baffanku Alhaji Tanimu rashin kunya a tsakar gida, ta riƙa yawo da mara lafiya cikin rana. 'Yar uwarku Hadiza ce ta gaya mini, ba don ta haɗa mu ba, bakinta ne ya suɓuce. Ban yi fushi ba. Amma ni na kwana na tashi a gidan nan, ku kuwa ta waya kuka ji komai, don haka zan rubuta muku yadda aka yi kafin jikokina su girma da naku labarin.

Motar dai kun san ta, a gabanta kuka yi rarrafe. Ja ce, mai kujera biyu, ta kwanta ƙasa sosai, rufinta na tanti ne ana naɗe shi baya. Babanku ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, lokacin babanku yana aiki a ɗakin gyaran na'urori na jami'a, tun ban haifi Babangida ba. Duk Tudun Wada ba wanda bai san Jar Malam ba. A cikinta ya koya mini tuƙi a hanyar Jos, bayan la'asar, ina tashi daga koyar da ɗinki a cibiyar mata. Aibinta guda ɗaya ne, zafi. Idan ta samu hanya tana gudu, ba ruwanta. Amma da ta tsaya cikin cunkoso sai allurar zafi ta fara hawa, kafin ka ankara ruwa ya tafasa. Malam ya sha bayyana mini dalili. Ya ce a bayan lagireto akwai fanka, aikinta ta jawo iska ta cikin lagireton don ruwa ya huce. Can asali fankar tana da gida, wani faranti da ke rufe bayan lagireto, da rami a tsakiya inda take juyawa, yadda ba ta da inda za ta samu iska sai ta cikin lagireton. Gidan ya karye tun a hannun Baturen, aka jefar. Tun daga nan fankar iskar gefe take kaɗawa, iskar inji mai zafi, tana ta wahalar banza. Kullum yana cewa zai ƙera mata wani. Ya yi ritaya yana cewa zai ƙera, har ranar da ya faɗi a bakin famfo yana alwala.

Ya dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito, wani lokaci ma wata ce daban take fitowa. Likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibitin da ke bayan Samaru, kuma kada a yi fashi. Mun gwada Keke Napep, ya riƙa zamewa yana faɗo mini a kowane rami. Sai Babangida ya aiko da babbar mota daga Abuja har da direba, kuma Allah ya sani alheri ya nufa. Amma motar tana da tsawo, sai an ɗaga mutum. Direban ya sungumi babanku kamar buhun masara a ƙofar gida, hularsa ta faɗi, wandonsa ya zame, mutanen majalisar Malam Haruna suna kallo, wasu suna kawar da kai. Mutumin da ya yi shekaru yana ba su salla idan liman ba ya nan. Da muka dawo ya juya fuska bango. Na kawo tuwo ya ƙi, na dama fura ya ƙi. Da ranar komawa ta zo, ya riƙe ƙarfen gado da hannun hagu, ni da direba muka rasa yadda za mu yi da shi. Na sallami direban.

Bayan 'yan kwanaki na fito da shi rumfa shan iska. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna motar, tana lulluɓe da tamfal a gindin mangwaro. Na ɗauka ganinta yake son yi, na yaye tamfal ɗin. Ya nuna ta, ya nuna ni, ya nuna kansa. Na ce masa rabona da tuƙi an daɗe. Ya harare ni da idonsa mai lafiya, irin hararar da yake mini idan na saki kuloci da garaje. Washegari na sa aka canza batir da mai. Abin da ba ku sani ba shi ne, motar tana ƙasa daidai da kujerarsa ta guragu. Idan na naɗe rufin, na tsaya ta bayansa na riƙe hamatarsa, da kansa yake jan jiki ya zauna. Ba mai ɗaukarsa. Ran nan ya cinye kwanon tuwo har ya nemi ƙari.

Zuwanmu na farko lafiya lau, don da sassafe muka fita. Dawowa ce ta zama abin da ta zama. Bazara ce, rana ta take, wata tirela ta lalace a Kwangila, aka cushe ba gaba ba baya. Ina kallon allurar tana hawa, ina addu'a. Can sai tururi ya taso daga bonet, inji ya mutu. Na fito da hijabina ina sayen fiya wata ina kwarara wa lagireto, babanku yana zaune gumi ya jiƙe masa riga, na ɗora masa ɗankwalina na canji a ka. 'Yan acaɓa suka taimaka suka tura mu gefe. Wani kuma ya ɗauke mu a waya. Kafin magariba hoton ya isa Abuja, ya isa Kano wajen Hadiza, ya isa Gyallesu wajen baffanku.

Babangida ya kira. Ya ce na tozarta shi a wajen aiki, ya ce idan wani abu ya samu Baba a hanya ba zai yafe ba. Na bar shi ya gama, don tsoro ne yake magana a bakinsa, ni ma na ji irinsa a Kwangila. Da safe baffanku ya iso, ya zauna kan tabarma kusa da ƙaninsa, ya yi ta magana a kansa kamar ba ya wajen. Ya ce mace mai jikoki ba ta tuƙa mota marar rufi cikin gari, ya ce motar ta gama zamaninta, ya san mai sayen irin waɗannan tsofaffin. Na ce masa motar ba ta da ciwo sai zafi, kuma maganinsa sananne ne.

“To wa zai yi maganin? Shi da ba ya iya riƙe cokali?”

Na dubi babanku, na ga yadda ya sunkuyar da kai.

“Ni zan yi, Yaya Alhaji. Kansa lafiya lau yake, hannuna ma lafiya lau.”

Ya yi dariya, ya kaɗe riga ya tafi. Gaskiya ban san yadda zan yi ba lokacin da na faɗa. Amma na faɗa a gaban babanku, kuma na ga ya ɗago kai.

Da hantsi na tura kujerarsa gindin mangwaro, na buɗe bonet, na ɗauko tef ɗina na awo da alli da kwalin da aka kawo firiji a ciki. Abin da na iya ke nan, yankan riga. Na auna faɗin lagireto da tsawonsa, na auna fanka daga bakin reshe zuwa bakin reshe, na auna nisan da ke tsakaninsu. Shi kuma yana nuna mini da sanda inda zan sa tef. Idan na yi daidai ya buga sandar ƙasa, idan na kauce ya yi gyaran murya. Na yanka kwali, na fitar da rami a tsakiya kamar wuyan riga, na bar kunnuwa a gefe inda noti zai kama. Na gwada, na rage, na sake gwadawa, har ya zauna. Na kai wa Malam Ilu, mai ƙera akwatunan ƙarfe da murhu a kasuwar Tudun Wada, na ce ya fitar mini da irinsa a langa-langa mai ɗan kauri. Ya jujjuya kwalin ya tambaye ni ko murfin tukunya ne. Da na gaya masa, bai yi dariya ba. Ya ce Malam ya taɓa gyara masa rediyo bai karɓi komai ba, in dawo jibi.

Ɗaura shi ya fi yanka shi wuya. Ba ya shiga sai an cire fanka, kuma idan ka ɗaure shi tukuna fankar ba ta da hanyar komawa. Na yi ta fama har fatar yatsuna ta saɓule, kafin na gane abin da babanku yake nufi da haɗa tafin hannunsa da gwiwa yana turawa ƙasa: tare za su shiga. Na sa fankar cikin gidanta, na zura su a tare, na rataye gidan a gefe, na zura hannu ta ƙarƙashi na ɗaure notocin fanka da lalube, sannan na jawo gidan na kama kunnuwansa a jikin lagireto. Na juya fankar da hannu, ba ta taɓa ko'ina ba. Ramin ya zauna mata cif, ko ɗan yatsa ba zai wuce ba, ni kuwa har ina jin daɗin hakan. Sai na ga babanku yana ta jijjiga hannunsa hagu da dama, yana son faɗin wata kalma ta ƙi fita. Na ɗauka cewa yake in yi sauri in tayar. Na shiga na murɗa makulli.

Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Inji yana tashi ya girgiza, fanka ta daki bakin ramin, reshe ɗaya ya lanƙwashe ya tsaga lagireto. Ruwa ya tsiyaye a ƙasa har ƙarƙashin kujerarsa. Abin da yake ta ƙoƙarin gaya mini ke nan: inji a kan roba yake zaune, yana motsi, lagireto kuwa a kafe yake. Ni na yanka wa fanka wuya kamar na rigar amarya, alhali wuyan mai aikin gona take buƙata. Na zauna a ƙasa cikin ruwan nan na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar da ya faɗi. Ya miƙo sandarsa ya taɓa kafaɗata. Da na ɗago, sai ya nuna mini babban yatsansa, ya nuna faɗinsa, ya zagaya da shi a iska. Faɗin yatsa, ko'ina a kewaye. Na share ido na ɗauko sifana na fara kwance lagireton.

Lagireton yana wajen mai liƙi, motar tana tsaye baki buɗe, baffanku ya yi sallama da wani mutum mai ƙaramar jaka. Wani ya kai masa labarin ƙarar. Ko zama bai yi ba. Ya ce sun yi magana da Babangida, sun gama shawara, ga mai saye, za a turo abin ja da yamma. Mutumin ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta. Babanku yana rumfa. Ban san yadda ya yi ba, da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya ya jawo kujerarsa har jikin motar, ya kama hannun ƙofa ya riƙe. Jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Baffanku ya sunkuya yana lallashinsa kamar yaro, yana ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne abin da ban iya gani ba. Na zo na tsaya tsakaninsu, hannuna duk baƙin mai.

“Yaya Alhaji, sakar masa hannu. Mai motar nan yana raye, ga shi a gabanka. Ba a raba gadon mai rai. Kun yi shawara da ɗansa, shi kun tambaye shi?”

Ya ce ai ba ya iya magana. Na ce ya tambaye shi ya gani. Bai tambaya ba, amma babanku ya amsa. Ya daɗe yana haɗa maganar, bakinsa yana karkacewa, sannan ta fito sarai.

“Tawa ce.”

Mai jakar ya ce shi bai san da rigima ba, ya fice. Baffanku ya dube ni ya ce tunda na zama mijin gidan, shi ya cire hannunsa, kada a sake nemansa. Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na raka shi har zaure. Wannan ita ce rashin kunyar da kuka ji labari. Ban ɗaga murya ba, ban zage shi ba, kuma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba.

Na koma wajen Malam Ilu ya faɗaɗa ramin, ya naɗe bakinsa don kada ya yi kaifi, ya miƙe reshen fankar a kan maƙera. Da lagireton ya dawo daga wajen mai liƙi, na yanka tsohon tib na keke na manna a gefunan gidan, inda zai haɗu da lagireto, don kada iska ta sulale ta nan. Wannan karon da na gama ɗaurewa ban yi gaggawa ba. Na zura babban yatsana na zagaya ramin gaba ɗaya, babanku yana leƙe. Na kama inji na jijjiga shi da ƙarfina. Ya sa na duba cewa rassan fankar rabi suna ciki rabi suna waje. Sai da ya buga sanda ƙasa sannan na cika ruwa na tayar. Ba ƙara. Ya nuna gefen mayafina, ya nuna gaban motar. Na kai mayafin gaban lagireto, sai iska ta fizge shi ya manne. Muka bar ta tana aiki a tsaye cikin rana har aka kira azahar, allurar ta hau tsakiya ta tsaya a nan.

Ranar gashi ta zagayo muka fita. A dawowa na so in bi ta wata hanya in kauce wa Kwangila, ya kama sitiyari da hannun hagu ya ƙi. Muka shiga cunkoson, ya ma fi na wancan karon, manyan motoci gaba da baya, hayaƙi yana dukan fuska. Ni idona yana kan allura, shi nasa yana kan mutane. Wani ɗan acaɓa ya gane mu, ya ce Hajiya yau ma a kawo ruwa ne? Na ce ya sha abinsa. Muka daɗe a wajen, allurar ba ta motsa ba. Da hanya ta buɗe na ji wani sauti a gefena, na tsorata na ɗauka shaƙewa ya yi. Dariya yake, da rabin fuska, hawaye yana zuba. Da muka zo wajen mai balangu ya sa na tsaya. Likita ya hana shi, na sani. Na saya masa, na yayyanka ƙanana, muka ci a cikin mota a bakin titi.

Ba zan ce muku abin bai ci mini komai ba. Babangida bai zo Sallar shekarar ba, ya yi watanni idan ya kira sai dai ya ce a sa wa Baba wayar a kunne. Matan unguwa da muke zuwa islamiyya tare wasu suka ja baya, aka daina aiko mini da goron biki daga Gyallesu. Baffanku bai sake taka tsakar gidan nan ba sai ranar da aka fito da gawar ƙaninsa, kuma har ya bi shi ba mu koma kamar da ba. Wannan yana damuna, don mutumin kirki ne, shi ya riƙe babanku suna yara. Motar kuma ba ta warkar da kowa ba. Babanku bai sake tafiya da ƙafarsa ba sai da dafa bango. Amma ya ga damina biyu bayan nan, bai yi fashin gashi ba, ya koma sallar Juma'a, ya je ɗaurin auren 'yar abokinsa a Hanwa yana zaune a gaba da hularsa a kai, mutane suna zuwa gaishe shi a bakin ƙofar mota kamar yadda suka saba. Ba a sake ɗaukarsa ba sai a makara.

Ku kun so ya daɗe, ni ma haka. Bambancin kawai, ni ina ganin fuskarsa kullum, na san abin da yake sa shi buɗe baki ya ci abinci. Ban nemi ku ce na yi daidai ba, kuma ba gafara nake nema da wannan rubutu ba. Da za a maido ni gindin mangwaron nan, abu ɗaya zan canza, zan bar wa fanka faɗin yatsa tun farko.

Na ji kuma kun fara magana a tsakaninku cewa idona ya yi rauni, ya kamata a karɓi makullin motar. An auna idon a watan jiya, an canza mini tabarau, ina ganin allura har in zura zare. Ranar da na daina gani, da kaina zan ajiye, ba sai kun yi taro a kaina ba. Ranar Alhamis zan je Giwa duba ƙanwata. Wanda yake son zuwa a cikinku ya iso kafin rana ta yi zafi, don ba na jiran kowa.